Lahanin Zuciya Ba Ya Cika Zuwa Shi Kaɗai

Akwai wata irin rasuwar jarirai da likitocin yara suka san sigarta sarai. A haifi yaro lafiya lau, ya yi kuka, ya kama mama, a sallami maijego ta koma gida. Kwana uku ko huɗu babu abin da ke tayar da hankali. Ana cikin shirin suna, har an ɗaure rago, sai jaririn ya fara ƙin tsotso, numfashinsa ya yi sauri, ƙafafunsa su yi sanyi. Kafin a isa asibiti ya galabaita. A can, abin da zai fara zuwa ran duk wanda ya duba shi shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga jini, domin wannan ya fi yawa, sai a ɗaura ruwa a ba da magani. Sau da yawa hasashen daidai ne. Amma a wasu jariran, abin da ke neman ransu tsukewa ce a babbar jijiyar da ke ɗauke da jini daga zuciya zuwa jiki, wadda ake kira ayota. Da ita aka haife su. Da wani ya ɗora yatsu biyu a mahaɗar cinya da ciki ya ji bugun jini ya yi rauni ko ya ɓace, da an kama zaren.

Ita wannan tsukewa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Takan zo da lahani a ƙofar zuciya, wani lokacin da rauni a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wani lokacin da jan tabo a fuska. Littattafan likitanci suna jera irin waɗannan haɗuwa a ƙarƙashin abubuwan da ba safai ake gani ba, kuma wannan lakabi ya zama dalilin kawar da kai daga gare su. Kuskure ne mai tsada. Ya kamata ya zama ƙa'ida a kowane asibiti cewa idan aka ga lahani guda na haihuwa a zuciya ko a babbar jijiya, sai an nemi abokin tafiyarsa kafin a rufe bincike.

Tun ran gini

Dalilin haɗuwar yana cikin yadda ake ƙera zuciya a mahaifa. Takan fara ne a matsayin bututu guda, ta soma bugawa wajen kwana na 22 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Bututun ya lanƙwashe, ya rabu gida huɗu, zuwa ƙarshen mako na 8 an kammala mafi yawan aikin. A daidai wannan lokacin, a yankin wuyan ɗan tayi, wasu jijiyoyi masu siffar baka suna fitowa bibbiyu, dama da hagu, waɗanda aka saba ƙirgawa shida. Wasu su shuɗe, wasu su saura. Ta huɗu ta hagu takan zama wani ɓangare na lanƙwasar ayota. Ta huɗu ta dama ta zama tushen jijiyar hannun dama. Ta shida kuwa ita ke ba da tushen jijiyoyin huhu da wata 'yar gajeriyar jijiya da ake kira daktus, wadda ke ratse da jini daga hanyar huhu zuwa ayota, tun da ɗan tayi ba ya numfashi.

A 1983, wata masaniya a Amurka, Margaret Kirby, da abokan aikinta suka cire wani rukuni na ƙwayoyin halitta daga tayin kaza a cikin ƙwai, rukunin da ke tasowa daga gefen inda laka ke samuwa ya gangara zuwa ƙirji. Sai mafitar zuciyar tayin ta kasa rabuwa gida biyu yadda ya kamata. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyin suna da hannu wajen tsara jijiyoyin wuyan ma. Ma'ana, magina ɗaya ne suke aikin mafitar zuciya da manyan jijiyoyi, a cikin makonni ɗaya. Idan aikinsu ya sami tangarɗa, da wuya tsagar ta tsaya a bango guda. Saboda haka ganin lahani ɗaya yana ɗaga yiwuwar samun na biyu nesa ba kusa ba. Abin da ke da wuyar samu a cikin jama'a gaba ɗaya ba shi da wuyar samu a jikin wanda aka riga aka ga alamar farko a tare da shi.

Ayota da abokan tafiyarta

Tsukewar ayota takan faru kusa da inda daktus ke haɗuwa da ita, bayan jijiyoyin kai da na hannaye sun rabu. Jini ya matse a sama, ya yi ƙaranci a ƙasa. Muddin daktus na buɗe, jini na samun hanyar zagayawa, shi ya sa jaririn ke fitowa garau. Cikin kwanakin farko bayan haihuwa daktus yakan rufe, kuma idan tsukewar ta yi tsanani, ƙoda da hanji da ƙafafu su rasa jini, zuciya ta gaza. Akwai maganin da ke sake buɗe daktus, mai suna furostagilandin, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1970 don a sami lokacin yin tiyata, amma ba a ɗaura wa yaron da ba a zargi zuciyarsa ba.

Idan tsukewar mai sauƙi ce, jiki yakan buɗe ƙananan hanyoyi ta gefen haƙarƙari, yaro ya girma ba a sani ba. Sai ya zama saurayi ko budurwa ya bayyana da ciwon kai, da haɓo, da gajiyar ƙafafu, a auna hannu a ce hawan jini ne, a rubuta ƙwaya. Likitan zuciya na Birtaniya, Maurice Campbell, ya nuna a 1970 cewa waɗanda suka tsallake shekarar farko ba a gyara musu ba, matsakaicin shekarunsu na rasuwa 34 ne. Alhali tun watan Oktoba na 1944 Clarence Crafoord ya yi tiyatar farko a Suwidin, ya yanke wurin da ya tsuke ya ɗinke bakunan biyu.

Ko an gano tsukewar, da sauran aiki. Ƙofar da jini ke bi daga zuciya ya shiga ayota tana da bawul mai marufi uku. Fiye da rabin masu wannan tsukewa an haife su da marufi biyu, kuma irin wannan bawul yakan ƙandare ko ya fara yoyo bayan shekaru. Wasu suna da huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa na zuciya. A binciken da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa, kimanin ɗaya cikin goma na manya masu wannan lahani an same su da kumburi a bangon wata jijiyar ƙwaƙwalwa, adadin da ya ninka na sauran mutane sau da dama. Irin wannan kumburi idan ya fashe yana iya kashewa nan take, kuma hawan jini yana ƙara haɗarinsa.

Wani lokacin ta wata ƙofa daban ake shigowa. Yarinyar da ta kai shekara goma sha shida ba ta fara al'ada ba, gajeriya, wadda aka haifa da kumburin ƙafafu, sashen mata ake kai ta, kuma hankalin iyaye yana kan aure da haihuwa. Tana iya kasancewa da ciwon Turner, wanda ke samun kimanin mace ɗaya cikin 2,500 saboda rashin ɗaya daga cikin kuromozom biyu na X, ko wani sashe nasa. Wajen uku cikin goma na irin waɗannan 'yan mata suna da bawul mai marufi biyu, wajen ɗaya cikin goma suna da tsukewar ayota, kuma bangon ayotarsu yana iya tsagewa suna da ƙuruciya. Likitan matan da ya gano ciwon bai tura ta hoton zuciya ba ya bar abin da ya fi haɗari ga ranta.

Tabon da ke fuska

Misali mafi bayyana shi ne wanda ido ke gani. Jarirai huɗu ko biyar cikin ɗari suna fitar da wani jan tabo mai tudu a makonnin farko, wanda tarin ƙananan jijiyoyin jini ne, ana kiransa hemanjiyoma. Yakan girma na wasu watanni, sannan ya sace a hankali. Mafi yawansu ba su da illa, kuma iyaye kan ɗauke su kamar tawadar Allah.

Akwai kuma wanda ya fi santimita 5, ya shimfiɗu a wani yanki na fuska ko fatar kai. A 1996, likitar fata Ilona Frieden ta birnin San Francisco da abokan aikinta suka tattara abubuwan da ke rakiyar irin wannan tabo a ƙarƙashin suna guda, PHACE, kowane harafi yana wakiltar sashe ɗaya: bayan ƙwaƙwalwa, tabon kansa, jijiyoyin kai da wuya, zuciya da ayota, sai ido. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na jarirai masu babban tabon fuska suna da shi, mafi yawansu mata, kuma wajen huɗu cikin goma na masu shi suna da lahani a zuciya ko ayota.

Wannan ciwo yana da tarko biyu. Na farko, tsukewar ayota a cikinsa takan zo da jijiyar hannu da ta fito daga inda ba a saba ba, wani lokacin daga ƙasan tsukewar. Idan haka ta faru, awon jini na hannu da na ƙafa sai su zo daidai, mai awo ya ɗauka lafiya. Lahani na biyu ya ɓoye na farko, kuma hoto ne kaɗai zai tona shi. Na biyu ya shafi magani. A 2008, likitoci a birnin Bordeaux na Faransa, ƙarƙashin Christine Léauté-Labrèze, suka ba da rahoton cewa wani jaririn da aka ba furofiranolol saboda matsalar zuciya, tabonsa ya fara sacewa cikin kwanaki. Tun daga lokacin maganin ya zama zaɓi na farko, kuma mai araha ne, tsohon maganin hawan jini da ake samu a kantunan magani. Sai dai yana rage bugun zuciya da ƙarfin jini. A jaririn da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suka tsuke, ana fargabar hakan ya rage jinin da ke isa can. Shi ya sa masana suka ba da shawarar a yi hoton zuciya da na jijiyoyin kai tukuna, sannan a fara da kaɗan ana lura. Wanda ya ga tabo kawai ya rubuta magani, da kyakkyawar niyya yana iya jawo abin da ya fi tabon muni.

A ɗakin tiyata ma haka abin yake. Ciwon Fallot, wanda likitan Faransa Étienne-Louis Fallot ya bayyana a 1888, lahani huɗu ne a zuciya guda, kuma shi ne ke sa yaro ya riƙa tsugunnawa bayan ɗan gudu, leɓɓansa da harshensa su yi duhu. Kimanin ɗaya cikin huɗu na masu shi ayotarsu ta lanƙwasa dama maimakon hagu. Kimanin ɗaya cikin ashirin kuma suna da jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya ta gitta daidai inda likita zai tsaga. Idan bai san tana wurin ba ya yanke ta, an yi asarar da ba ta da gyara.

Hujjar masu cewa da sauran lokaci

Akwai masu ganin cewa wannan magana ta ƙasashe masu arziki ce. A Najeriya da Nijar, abin da ya fi kashe jarirai shi ne haihuwar bakwaini, da shaƙewa wajen haihuwa, da ƙwayoyin cuta, sannan zazzaɓin cizon sauro da tamowa su biyo baya. Asibitin da ba shi da wutar da za ta kunna kwalbar bakwaini, da me zai nemi ciwon da likita ɗaya zai gani sau biyu a tsawon aikinsa? Wannan hujja tana da nauyi, kuma duk wanda ke raba kasafin lafiya dole ya fara da abin da ya fi kisa.

Amma lissafin bai tsaya nan ba. A duniya, kimanin jarirai 8 cikin 1,000 ake haifa da lahanin zuciya, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna bukatar aiki a shekarar farko. Najeriya tana haihuwar jarirai wajen miliyan 7 a shekara. Idan aka ɗora wannan kan wancan, ana maganar yara fiye da 50,000 duk shekara. Tsukewar ayota kaɗai, da ke samun kimanin 4 cikin 10,000, za ta kai kusan 3,000. Kowane suna a littafi ƙarami ne, jimillarsu kuwa ta kai yawan mutanen wani gari. Sannan matakin farko na gano su ba ya gogayya da kasafin zazzaɓi, domin yatsu biyu ne da ma'aunin jini da minti ɗaya.

Hujja ta biyu ta fi zafi: mene ne amfanin gano ciwon da ba za a iya gyarawa ba? An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu a 1974, da taimakon Magdi Yacoub, amma bayan shekaru hamsin har yanzu iyalai da yawa Indiya suke kallo, da kuɗin da ba su da shi. Gaskiya ne za a gano yaran da ba za su kai ga tiyata ba, kuma babu dalilin ɓoye hakan. Sai dai ba duk gyaran ne ke bukatar babbar na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu ba. Tsukewar ayota mai zaman kanta ta gefen ƙirji na hagu ake shiga a gyara ta, zuciya tana ci gaba da bugawa, kuma a manyan yara da matasa ana iya buɗe ta da balan-balan da ƙarfen tokara da ake turawa ta jijiyar cinya. Ko inda ba a sami gyara nan take ba, sani yana hana cutarwa: ba za a ba da magani a makance ba, ba za a shekara goma ana sauya ƙwayar hawan jini a banza ba, macen da ke da raunin ayota kuma ba za ta shiga ɗaukar ciki ba tare da kulawa ta musamman ba.

Labarin Nwankwo Kanu ya isa shaida. A 1996, bayan ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ta Italiya ya gano lahani a bawul ɗin ayotarsa. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo fili, ya kuma kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya a shekara ta 2000. Mutumin da ke gudun minti casa'in yana ɗauke da lahanin da ba wanda ya gani, har sai da aka duba da gangan.

Abin da za a iya farawa da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba maijego da jariri cikin awa 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin kwana na 7 zuwa 14, da mako na shida. Waɗannan ranaku sun zo daidai da lokacin da daktus ke rufewa. Jin bugun jini a mahaɗar cinya ya kamata ya shiga kowanne daga cikinsu, a kuma rubuta shi a kati, domin bugun da aka ji ranar haihuwa yana iya ɓacewa rana ta biyar. Inda haihuwar gida ta fi yawa, kamar yadda yake a arewa maso yammacin Najeriya, ungozoma ce ke ganin jaririn a waɗannan kwanaki, kuma ana iya koya mata alamomin gaggawa: numfashin da ya wuce 60 a minti, zufa da gajiya wajen tsotso, sanyin ƙafafu, duhun harshe.

Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa don auna iskar oksijin a jini tana taimakawa. Amurka ta sanya ta cikin gwajin jarirai a 2011: a auna hannun dama da ƙafa ɗaya bayan awa 24. Tana kama kimanin uku cikin huɗu na lahani masu tsanani, kuma tana da muhimmanci na musamman ga baƙar fata, inda ido ba ya saurin gane sauyin launi. Amma tana yawan kuskuren tsukewar ayota, domin iskar jinin takan kasance daidai. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya kuma nuna cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda take yi a fararen fata. Don haka ba za ta maye gurbin hannu ba.

Duk yaro ko matashin da aka samu da hawan jini, kafin a rubuta masa ƙwaya, a auna ƙafarsa, a kuma ji bugun wuyan hannu da na cinya lokaci guda. Asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su ne za su iya rubuta gajeren jadawali da ke cewa idan an ga wannan sai a duba wancan, su raba wa ƙananan asibitocin da ke turo musu marasa lafiya, su kuma haɗa rajista guda ta yaran da aka gano. Gwamnati ba ta ware kuɗi ga yaran da ba a ƙirga ba. Wanda aka yi wa tiyata kuwa a faɗa masa a fili cewa dubiyarsa ta har abada ce, domin hawan jini yakan dawo, wurin ɗinki yakan sake tsukewa, bawul kuma yana tsufa. Tun da bawul mai marufi biyu yana bin dangi, ana ba da shawarar a duba iyaye da 'yan'uwan ciki ɗaya.

Akwai kuma rabon iyaye. Mafi yawan waɗannan lahani ba su da sanannen sanadi, kuma sun riga sun auku kafin ciki ya cika wata biyu, saboda haka ba abin da uwa ta ci ba ne, ba kuma inda ta ratsa da almuru ba. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari sun haɗa da ciwon suga da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki, da cutar rubela, wadda ke da rigakafi, da wasu magunguna. Sauke wannan zargi daga kan uwa wani ɓangare ne na magani.

Idan likita ya ce an ga huda a zuciyar yaro, ko tsukewa, ko babban tabo a fuskarsa, uba da uwa suna da damar yin tambaya guda, cikin ladabi, kafin su tashi daga kujera: “Likita, an duba sauran?” Likitan kirki ba zai ji haushinta ba. Zai faɗi abin da aka duba, da abin da ya rage, da inda za a je a yi shi.